Waɗanda Ba Sai An Je Ba

Shekara goma sha ɗaya ina koya wa ɗalibai abu guda a sashen tattalin arziki: mutumin da ya shiga kasuwa shi ne dai wanda yake shiga rumfar zaɓe, ba ya canja zuciya a hanya. Yana auna abin da zai samu, ya auna abin da zai rasa, sannan ya ɗaga ƙafa. Da wannan magana nake ci nake sha, har na rubuta maƙala huɗu a kanta, waɗanda ban tabbata mutum ashirin sun karanta ba. To ranar da Yaya ta kira ni ta ce ta tsaya takarar shugabancin ƙungiyar ma'aikata a kamfanin ɗinkin da take aiki, ban jira ta kai ƙarshen zancen ba, na ce gobe ina tafe.

"Gobe?" ta ce tana dariya. "Auta, ka ma tuna hanyar gidan kuwa?"

Maganar ta soke ni, amma na basar. Gari ɗaya muke, tafiyar minti arba'in in babu cunkoso, kuma rabona da gidanta ya kusa shekara uku. Ba faɗa muka yi ba. Kullum dai mako mai zuwa ne. Yaya kuwa ba ta iya fushi da ni ba, ko wata uku na yi ban kira ba, in na kira cewa take, "Ba komai, aiki ne." Ita ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu. Tana da shekara goma sha tara ta zauna a kan keken ɗinki domin ni in zauna a kan bencin aji, yau shekara ashirin da shida tana nan a kansa. Duk karatun da na tara ban taɓa yi mata wata rana da shi ba, kuma abin yana cina a rai fiye da yadda nake nunawa. Don haka na ƙudura sai ta ci zaɓen nan, kuma ta hannuna.

Washegari da la'asar na same ta a falonta tare da ƙawarta da kowa ke kira Mai Guga, wata gajeruwa mai kaifin baki wadda ta shekara goma sha biyar a sashen guga. Sun shimfiɗa takardar sunayen 'yan ƙungiya a kan tebur, mutum ɗari biyu da goma sha huɗu. Rigimar a kan hutun rana ce. Da minti arba'in da biyar ne, kamfani ya mayar da shi ashirin da biyar, mutum bai gama wanke hannu ba ƙararrawa ta buga. Abokin takarar Yaya wani mai yankan yadi ne da ake ce wa Dogo, shi yana cewa a lallaɓa a karɓi talatin a yi shiru. Saura kwana tara a jefa ƙuri'a. A cikin kamfani an hana yaƙin neman zaɓe, sai dai a bi mutane gidajensu bayan an tashi.

Ban ko zauna ba. Na zaro alƙalami uku masu launi na ce su faɗa mini kowane suna: wane sashe take, shekara nawa, da wa take cin abinci, me ta fi ƙorafi a kai. Ina zagaye teburin, ina tambaya, ina ba kowa makinsa cikin ɗari. Wanda ya tabbata namu ne, kore. Wanda ya tabbata na Dogo ne, ja. Wanda yake lilo, rawaya. Kafin rana ta faɗi mun fitar da kore tamanin da ɗaya, ja saba'in da huɗu, rawaya hamsin da tara.

"Ga yadda abin yake," na ce. "Ana tashi ƙarfe biyar, kafin duhu muna da awa biyu. Gida biyar ke nan a rana, in an yi sauri. Kwana tara, gida arba'in da biyar. Rawaya kaɗai sun fi haka yawa. Saboda haka ja ba ruwanmu da su, ɓata lokaci ne. Kore ma ba ruwanmu da su."

"Namu ɗin?" in ji Mai Guga.

"Namu ɗin. Wanda zai zaɓe ki ko kin je ko ba ki je ba, zuwanki bai ƙara komai ba."

"Ikon Allah," ta ce, ta dubi Yaya. "Wannan ne aka tura karatu? Farfesa, ashe maƙiyi da masoyi duk kuɗinsu ɗaya a wajenku."

Na ce a wannan makon, e.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ɗora yatsa a kan suna na arba'in da ɗaya, wanda na shafa wa kore tun kafin ta gama bayaninsa. "Wannan kam da ita za mu fara," ta ce. "Inna ce."

Na san labarin Inna, ko da yake rabona da ganinta tun ina firamare. Ita ta koya wa Yaya keke. Ita ta tsaya mata a shekarar farko da allura ke huda mata yatsa, ana shirin korarta saboda jinkiri. Yanzu tana sashen duba kaya, inda ake bin kowace riga ana datse zaren da ya yi saura, kuma tana da wani ɗan ƙaramin almakashi da take rataye da shi a wuya tun kafin a haife ni. Kowa a kamfanin ya san ta ce ranar da za ta ajiye aiki za ta ba wa Yaya shi. Ranar kuwa ta kusa, ƙarshen wannan watan ne. Mako biyu ke nan tana gida da ciwon gwiwa, su kuma abokan aiki a ranar ƙarshe ta cike takardar takara suka taso Yaya a gaba ta sa hannu, har yau ba ta samu ta gaya wa Inna da bakinta ba.

"A nan wurin ba a yin haka," in ji Yaya. "Wadda ta ɗora ki a kan keke, ita ake fara sanar wa. Ga shi kuma ba ta da lafiya."

"In kika shiga gidan Inna minti nawa za ki yi?"

Ta kawar da kai.

"Faɗi gaskiya, Yaya."

"Sai dai a yi sallar magariba a can."

"To kin gani. Gida biyar ke nan sun tafi. Rawaya biyar, a kan ƙuri'ar da take aljihunki tun tuni. Ki kira ta a waya."

"Inna ba a gaya mata irin wannan a waya."

"To bayan zaɓe ki je mata da albishir. Wanne ya fi daɗi, ki je neman izini ko ki je da nasara a hannu?"

Na iya magana, wannan shi ne cutata. Yaya ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta janye yatsanta, ta ce ni ne mai ilimin, a yi yadda na ce.

Daga ranar ban ƙara sanin hutu ba, ban kuma bar kowa ya huta ba. Ƙarfe huɗu da rabi na bar ɗalibai da tambaya a baki, na tuƙa mota zuwa ƙofar kamfani, na tsaya injin yana kunne. Suna fitowa sai mota. Mu hau bene, mu sauko, mu shiga lungu, mu fito da baya saboda babu wurin juyawa. Kowane gida minti goma sha biyar na ware, in ya cika sai in fara taɓa agogo, in ba ta gani ba in yi tari. An kawo mana ruwa a gidaje da yawa, ba na jin mun shanye kofi ɗaya. A mota Mai Guga ke karanto suna na gaba, ni kuma ina gaya wa Yaya abin da za ta taɓo: wannan tana da jariri, ki yi maganar lokacin shayarwa. Wannan ƙafarsa na kumbura, ki yi maganar kujeru. Ko a gida in na zauna cin abinci, takardar tana gefen faranti.

Kwana na uku na sa Yaya ta rage bakinta. Duk rawayan da muka shiga gidansa na tambaye shi minti nawa zai ishe shi, na jera amsoshin daga ƙarami zuwa babba, na ɗauki na tsakiya. Talatin da biyar ya ce. Na bayyana mata cewa in mutum biyu na takara, wanda ya fi kusa da mutumin tsakiya shi ke ɗaukar rinjaye, don haka ta daina cewa arba'in da biyar.

"Amma arba'in da biyar ɗin aka ƙwace mana."

"Masu son arba'in da biyar ina za su je? Wajen mai talatin?"

Ta ja tsaki, ta ce bakinta bai saba ba. Amma a gida na gaba na ji ta faɗi talatin da biyar, tana kallon ƙasa.

Kwana na biyar hanya ta bi da mu ta bakin layin su Inna. Ban san layin ba, sai da Yaya ta dafa kafaɗata.

"Ga gidan can, mai koren ƙofa. Auta, tsaya. Minti biyar, in leƙa gwiwar kawai."

"Saura gida uku, rana kuma ta yi ƙasa."

"Don Allah."

Na ce mata gobe, na taka mai. Ta juya tana kallon layin ta gilashin baya har muka sha kwana. Mai Guga ta karanto suna na gaba. Gobe ta zo, na sake cewa gobe.

Abin yana tafiya kuwa, kar a ce ban faɗa ba. Rawaya suna komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ba a taɓa taka ƙofarsu a kan zancen ƙungiya ba sai ga 'yar takara a falonsu ta san ciwon ƙafarsu. Na fara ji a jikina cewa maƙala ta biyar ce take rubuta kanta, wannan karon da mutane na gaske.

Kwana na takwas na iso ƙofar kamfani da wuri. Zafi ya kore ni daga mota, na koma kan bencin da ke ƙarƙashin rumfar jiran bas, na baje takardar a cinya ina sake ƙirgawa. Wata tsohuwa ta fito daga ƙofar tun ba a tashi ba, tana jan ƙafa ɗaya, ta zauna a ɗaya gefen bencin tana mayar da numfashi. Na gaishe ta ba tare da na ɗago sosai ba. Ita ce Inna, ranar ta koma aiki, aka sallame ta da wuri saboda gwiwar. Ban gane ta ba. Almakashin yana cikin mayafinta, igiyar kawai na gani a wuyanta, ban kuma kawo komai a raina ba.

"Ɗan nan, wannan zane-zanen na mene ne?" ta ce. "Sunayenmu nake hangowa."

Malami dai malami ne. A tambaye ni abin da na sani, sai in manta inda nake. Na matsa kusa, na karkata mata takardar, na ce aikin zaɓen jibi ne, ni ƙanin 'yar takara ne. Na nuna mata ja, na nuna mata rawaya, na ce su muke bi gida-gida.

"Koren fa?"

"Su ne waɗanda ba sai an je ba, Iya."

"Don me?"

"Don ba su da inda za su je. Ko an gaishe su ko ba a gaishe su ba, ranar zaɓe hannunsu wuri ɗaya zai faɗa. Lokaci kaɗan ne, ba a kashe shi a kan abin da yake hannu."

Ta gyaɗa kai a hankali, irin na ɗalibin da ya fahimta, ni kuwa daɗi ya kama ni.

"Akwai wata tsohuwa a sashen duba kaya," ta ce. "Mai almakashin nan. Wane launi kuka ba ta?"

Ban ma nema ba, na san layin. "Ta arba'in da ɗaya. Ai ita ta fi kowa kore. Tasa'in da tara cikin ɗari. Yayata ta dame ni sai mun je gidanta, ni na hana."

"Tasa'in da tara. Saura ɗayan fa?"

Na yi 'yar dariya. "Ɗayan na rai ne, Iya. Tsohuwa ce, ga ciwo. Kar dai wani abu ya faru kafin jibi."

Bas ta tsaya. Ta dafa benci ta miƙe da ƙyar, na kama mata hannu har bakin mataki, ina jin kaina mutumin kirki. Da ta sa ƙafa ɗaya sai mayafin ya zame, ɗan almakashin ya faɗo yana lilo a ƙirjinta. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Ka girma, Auta," ta ce. "Ni na ɗinka maka rigar makarantarka ta farko. Kunnuwan nan dai ba su canja ba."

Ƙofar bas ta rufe. Na tsaya a wurin ina bin bas ɗin da kallo. Kuma ga abin da har yau nake jin kunyar faɗa: abu na farko da na yi shi ne na buɗe takardar na duba mutum nawa ne a sashen duba kaya waɗanda ke bin bayan Inna. Goma sha huɗu. In suka juya mun faɗi. Na koma mota, na fito, na sake komawa. Na goge tasa'in da tara na rubuta saba'in, na goge, na rubuta tamanin. Na yi ta gogewa ina rubutawa har alƙalamin ya huda takardar.

Da Yaya ta shigo mota fuskarta a sake take. "Inna ta dawo aiki yau," ta ce. "Na hango ta da safe ta taga, na ce in aka tashi zan tare ta, sai aka ce ta wuce. Gobe kam ko me za ka ce sai na je."

A nan ya kamata in faɗa mata. Na tayar da mota.

Washegari, ranar ƙarshe, na zo da sabon lissafi. Na ce saura rawaya biyar masu nauyi a sashen maɓalli, in muka rasa su tazarar za ta yi siriri, Inna kuwa ai gobe za su haɗu a wurin zaɓe. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Amma ba shi ya sa na faɗa ba. Tsoro nake kar ta shiga gidan mai koren ƙofa ta ji abin da ƙaninta ya zauna ya faɗa a kan benci, sai na ɗauko tsoron na sa masa rigar lissafi. Na kuma lallashi kaina da cewa ka'idar ba ta canja ba: ran Inna ya ɓaci, to, amma Dogo za ta zaɓa? Ba ta da inda za ta je. Yaya ta dube ni ta gaji, ta ce, "Gobe dai komai zai ƙare," muka nufi sashen maɓalli.

An yi zaɓen ranar Asabar bayan azahar, a ɗakin cin abincin ma'aikata. Kwalin zare aka yanka wa baki aka ɗora a kan tebur. Ni ba ɗan ƙungiya ba ne, don haka a waje na tsaya, bakin taga, ina kai da komo tsakanin taga da famfo. Duk wanda ya jefa in yi masa alama. Mutanen sashen duba kaya suka zo a tare, babu Inna a cikinsu. Layi ya ragu, ya ragu, saura mutum huɗu. Sai ga ta nan tana jan ƙafa, ta ƙi kujerar da aka miƙo mata, ta bi layi ita ce ta ƙarshe. Ta karɓi takarda, ta yi alamarta, ta ninke, ta jefa. Ba ta dubi taga ba.

Aka juye kwalin aka fara ƙirgawa da ƙarfi. Na rubuta hasashena a tafin hannu tun da safe: ɗari da goma sha ɗaya. Da mai ƙirga ya kai ɗari da takwas ɗakin ya ɗauki ihu, bai tsaya ba sai a ɗari da goma sha biyu. Dogo tasa'in da tara, mutum uku ba su zo ba. Ƙuri'a ɗaya tak na kuskure. Sashen duba kaya duk sun ba mu, babu yadda za a yi lissafin ya fita in ba haka ba. Wallahi na yi tsalle a wurin, ni da ƙaton cikina. Mai Guga ta leƙo ta taga ta ce, "Farfesa, yau kam na sara maka." Dogo ya zo ya miƙa wa Yaya hannu cikin mutunci.

Yaya tana amsa barka tana waige-waige. Na san wa take nema. Ta zame daga cikin mutane ta bi baranda, ni ma na zagaya na bi ta. A sashen duba kaya muka sami Inna ita kaɗai, tana kwashe kayan aljihun teburinta tana zubawa a jaka: tabarau, kwalbar man zafi, wani tsohon kofi.

"Inna!" in ji Yaya, ta durƙusa a gabanta. "Inna, mun ci. Ki yafe mini, tun ranar farko nake son zuwa..."

"Barka, Shugaba," in ji Inna. "Allah ya taya riƙo. Tashi, kar ki ɓata zanenki."

Shekara ashirin da shida "ɗiyata" take ce mata. Na ga kafaɗun Yaya sun sauka.

"Na jefa miki," Inna ta ci gaba, muryarta a kwance, babu faɗa a ciki. "Na kuma ce wa yarana su jefa miki, don ke kika dace. Ƙaninki ya yi mini bayani shekaranjiya a kan benci, bai ɓoye komai ba. Ya ce ba ni da inda zan je. Na kwana ina neman inda zan je ɗin, ban samu ba. Yaron ya san aikinsa." Ta ɗago ta dube ni. "Ɗayan nan da ka rage ma ga shi Allah ya cika maka, ban mutu ba."

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Kwana tara ina jin mota ta shigo layinmu in gyara zama," ta ce wa Yaya. "Rana ɗaya na hango ku kun wuce. Ba komai. Je ki, mutanenki na jira."

Ta ciro igiyar daga wuyanta. Yaya ta ɗago kai. Inna ta naɗe igiyar a jikin almakashin, ta sa shi a jaka tare da tabarau da kofin, ta ja zif, ta rataya, ta fita tana bin bango.

Ba mu koma wajen murna ba. Mun fito ta ƙofar baya, muka tsaya a gefen mota. Na fara bayani, ban san ita ba ce, ta tambaye ni ne, na so in gaya miki. Yaya ta miƙo hannu.

"Ba ni takardar."

Na ba ta. Ta yi laushi don naɗewa, ga hujin alƙalami a layi na arba'in da ɗaya. Ta daɗe a kan layin. Sannan ta bi da yatsa zuwa sama, har suna na bakwai, sunanta. Ita ma 'yar ƙungiya ce, tana da ƙuri'a, ni kuma na shafa mata kore tun daren farko ba tare da na tambayi kowa ba. A gefe na rubuta ɗari cikin ɗari.

"Ni ma kore ce," ta ce.

"Yaya, ai ke kanki za ki zaɓa, shi ya sa..."

"Na sani." Ta ninke takardar ta mayar mini. Ba ta ɗaga murya ba, idonta ne kawai ya cika. "Shekara uku ina gaya wa mutane aiki ne ya yi maka yawa. Har na yarda da kaina. Ashe ni ce ba sai an zo ba."

Na buɗe mata ƙofar mota, ta ce a'a, bas za ta hau. Na san layin da za ta. Na tsaya ina kallonta ta tsallaka titi, sabuwar shugaba, ta zauna a kan bencin nan.

Wata bakwai ke nan. Hutun rana ya koma talatin da biyar, kamar yadda mutumin tsakiya ya so. Yaya tana zuwa gidan mai koren ƙofa duk Lahadi. Mai Guga ta ce Inna tana karɓarta da fara'a, ta ba ta kujera, ta tambayi lafiyar ƙungiya, almakashin kuma yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa zancensa. Maƙalar ban rubuta ba. Na buɗe ta sau da yawa, bayanan duk suna nan, hasashen ya fi na kowace da na taɓa yi kyau, amma in na zo layi na arba'in da ɗaya sai in tashi in fara zagaye ofis. Har yanzu ina koyar da darasin, domin ban sami kuskure a cikinsa ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Duk Asabar yanzu nakan tuƙa minti arba'in ɗin nan. Ba na ɗaura agogo. Yaya takan buɗe ƙofa, ta kawo mini ruwa, in shanye shi tas, mu yi hira har rana ta yi sanyi. Amma ba ta taɓa fashi ba, duk ranar da ta buɗe ƙofar ta gan ni tsaye, sai ta leƙa bayana ta dubi titi, sannan ta dube ni.

"Lafiya, Auta?" takan ce. "Wani zaɓen ake yi?"